Darasi na Tara: Idan Fayil Ya Buɗe a Manhajar da Ba Tasa Ba

A shagunan buga takardu na Agege da Idi-Araba, ba a rasa mai kukan cewa takardarsa ta lalace. An turo masa rasit daga kasuwar Mile 12, ya danna sau biyu, sai ga Notepad ta buɗe cike da haruffa a hargitse, babu kai babu gindi. Galibi lafiyar fayil ɗin ƙalau. Kwamfuta ce ta miƙa shi ga manhajar da ba ta iya karanta shi.

Kusan kowane fayil yana da wutsiya, wato haruffa uku ko huɗu da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunansa. Takardar Word tana ƙarewa da .docx, lissafin Excel da .xlsx, hoto da .jpg, zanen CorelDRAW da .cdr, takardar da ake turawa don bugawa kuma da .pdf. Da wannan wutsiyar Windows ke gane manhajar da za ta kira. Sai dai ɓoye ta take yi, don haka fara fito da ita: danna maɓallin Windows tare da E, shiga View, ka sa alama a File name extensions. A Windows 11 sai ka bi ta Show bayan View.

Abu uku ne suka fi birkita tsarin. Ko an sa sabuwar manhaja ta ƙwace aikin tsohuwa, ko an cire tsohuwar, ko wani ya zaɓi manhaja bisa kuskure ya ce a riƙa amfani da ita kullum. Kwamfutar tokumbo da aka sayo a Computer Village ta Ikeja kan zo da manhajoji biyu ko uku masu aiki iri ɗaya, kowacce tana jan fayil wajenta.

Ga gyaran:

1. Ɗora kibiya a kan fayil ɗin, ka danna maɓallin dama na linzami.
2. Zaɓi Open with, sannan Choose another app. Kada ka zaɓa daga gajeren jerin farko, domin wannan na buɗewa ɗaya ne kawai.
3. Danna manhajar da ta dace. Idan ba ka gan ta ba a Windows 10, danna More apps.
4. A Windows 10 sa alama a ɗan akwatin da rubutunsa ya fara da Always use this app, sannan OK. A Windows 11 danna Always.

Gyaran ya shafi duk fayilolin da ke da wannan wutsiya, amma .jpg dabam, .png dabam, kowanne sai an yi masa nasa. Idan sun yi yawa, danna Windows tare da I, shiga Apps, sannan Default apps. A Windows 10 akwai maɓallin Reset a can, wanda ke mayar da komai kan zaɓin Microsoft. Ka sani bayan danna shi PDF zai koma buɗewa a Edge, manhajar shiga intanet ta Microsoft.

Kada ka canza wutsiya da hannu da sunan gyara. Goge .pdf ka rubuta .docx ba ya mayar da takarda ta Word, kamar dai rubuta "shinkafa" ne a jikin buhun gero. Haka kuma idan manhajar ba ta cikin kwamfutar, babu zaɓin da zai yi aiki. Hoton iPhone mai wutsiyar .heic, alal misali, kan ƙi buɗewa har sai an sauke HEIF Image Extensions daga Microsoft Store.

Wuri ɗaya ne ke son taka-tsantsan sosai. Idan ka ga suna mai wutsiya biyu, irin rasit.pdf.exe, kar ka buɗe. Ta ƙarshen ita ce ta gaskiya, .exe kuwa wutsiyar manhaja ce ba ta takarda ba, kuma haka ake ɓoye bairos a filashi. Idan kuma tambarin duk manhajojin da ke fuskar kwamfuta ya koma iri ɗaya, ko kowacce ka danna abu guda ke buɗewa, to haɗin .lnk (wutsiyar waɗannan tambura na gajeriyar hanya) ko .exe ne ya lalace. Wannan aikin mai gyara ne. Kwashe takardunka zuwa filashi kafin ka kai masa.

Aikin aji: fito da wutsiyar fayiloli biyar, ka rubuta a littafinka manhajar da ke buɗe kowanne.