Yadda Ake Shirya Tafiya Ruwanda Daga Kaduna

Ruwanda ba ta kai jihar Kaduna girma ba. Faɗinta murabba'in kilomita 26,338 ne, wato ta ɗan haura rabin jiharmu kaɗan. Wannan ƙanƙantar ce ke yaudarar matafiya, su ɗauka kwana uku sun isa a zagaye ta. Ƙasa ce ta tsaunuka, hanyoyinta sai kwana da hawa da gangara, kuma dazuzzukanta uku da ake zuwa dominsu suna kusurwa uku ne daban-daban. Mako guda shi ne mafi ƙaranci, shi ma wurare biyu za ku zaɓa, ba uku ba.

Kada ku fara da tikitin jirgi. Ku fara da yanke shawarar abin da za ku gani, domin shi zai tsayar da rana da kuɗi.

Idan gorila ce ta kai ku, wato gwaggon birin tsauni, wurinta gandun Volcanoes ne kusa da garin Musanze, tafiyar sa'a biyu da rabi daga Kigali, babban birnin ƙasar. Hukumar raya ƙasa ta Ruwanda, RDB, ce ke ba da takardar izini, cikakken farashinta dala 1,500 ga mutum ɗaya. Kafin ku biya ku tambaya ko rangwamen masu fasfon Afirka yana aiki a lokacin. Mutum takwas kacal ake bari su je wurin kowane garke a rana, sa'a ɗaya suke yi, kuma ba a ɗaukar wanda bai kai shekara 15 ba. Shi ya sa izinin watannin Yuni zuwa Satumba ke ƙarewa tun da wuri. Wanda ya sayi tikiti kafin izini yakan isa Musanze ya tarar babu gurbi. Ana haɗuwa a ofishin gandun da ke Kinigi, kusa da Musanze, da ƙarfe bakwai na safe, don haka ku kwana a Musanze. Mai mura ko tari ba a barinsa ya hau, kuma wannan doka daidai ce: gorila na kamuwa da cututtukan ɗan Adam, ga shi waɗanda suka rage a duniya sun ɗan haura dubu ne kawai. Hawan yana farawa daga tsayin sama da mita 2,000, numfashi zai yi nauyi ga wanda ya saba da Kaduna. Ku tanadi takalmi mai riƙe idon sawu, rigar ruwa, da safar hannu mai kauri saboda ganye mai ƙaiƙayi. Ku ɗauki ɗan dako a bakin dajin, zai riƙe jaka ya kama hannunku a taɓo.

Mai iyali da yara, ko wanda aljihunsa bai kai can ba, gandun Akagera ne nasa, a gabas kan iyakar Tanzaniya. Akwai giwa, ɓauna, raƙumin dawa, jakin dawa da damisa. An dawo da zakuna a 2015, baƙar karkanda kuma a 2017. A tafkin Ihema ana shiga kwalekwale a ga dorina da kada. Ku guji tufafi shuɗi da baƙi, su ne ke jawo ƙudan tsando.

Nyungwe tana kudu maso yamma, sa'a biyar zuwa shida a mota. Tsohon kurmi ne mai nau'in birai 13 da tsuntsaye kusan 300, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2023. Akwai gadar igiya da ke rataye kimanin mita 70 sama da ƙasa. Ana sanyi a can sosai da dare.

Sai takardu. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Idan zai buƙaci sabuntawa, ku je ofishin shige da fice na Kaduna wata uku kafin tafiya. Ɗan Najeriya ba ya neman biza tun daga gida, a filin jirgin Kigali ake buga masa izinin kwana 30 kyauta. Abin da ke mayar da mutane shi ne katin rigakafin cutar shawara. Allurar sai ta yi kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki, daga nan kuma ta isa har ƙarshen rayuwa. Ku karɓe shi daga jami'an lafiya na filin jirgi da kanku, kada ku saya a hannun ɗan kamasho, domin ana tantance lambarsa.

Hanya biyu gare ku. Ko dai jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, ko mota zuwa Kano; Ethiopian Airlines na tashi daga biranen biyu, a sauya jirgi a Addis Ababa. Ku je garin da za ku tashi kwana ɗaya kafin ranar. Jinkirin jirgin ƙasa ko cunkoson hanya ba uzuri ba ne a wurin kamfanin jirgin sama. Agogon Ruwanda yana gaban namu da sa'a ɗaya.

Game da lokaci, damina biyu suke yi: babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama a Oktoba da Nuwamba. A lokacin hanyoyin daji santsi suke yi. Ranar 7 ga Afrilu ake fara makon juyayin kisan ƙare dangi da aka yi wa Tutsi a 1994, harkoki suna raguwa. Ko da wane wata kuka je, ku ware rabin yini ku ziyarci wurin tunawa na Gisozi da ke Kigali, kuma kada ku taɓa tambayar mutum ƙabilarsa.

Kuɗi kuwa, kada ku dogara da katin naira. Ku canji dala tun daga Kaduna, ku nemi sababbin takardu marasa yaga ko rubutu, domin 'yan canjin Kigali suna ƙin tsofaffi. Ku canza kaɗan-kaɗan zuwa farank, kuɗin Ruwanda, ku nuna fasfo ku sayi layin waya. Soket ɗinsu na ƙafa biyu ne zagayayye, ba irin namu mai uku ba, sai ku taho da kan caja da ya dace.

An haramta leda tun 2008, don haka kilishi da yaji da kuka ƙulle a ciki ku juye su a mazubi kafin ku tashi. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ana Umuganda, aikin gayya kamar tsaftar muhallinmu, shaguna a rufe, motoci ba sa yawo sai wajen ƙarfe 11. Kada ku sa doguwar tafiya a safiyar. Masallatai da abincin halal sun fi yawa a unguwar Nyamirambo ta Kigali. A Musanze da Nyungwe zaɓin yana raguwa, sai ku koma ga kifi, wake, dankali da ayaba, ko ku gaya wa masaukinku tun lokacin kama ɗaki.