Yadda Ake Lissafin Awannin Tafiyar Jirgin Sama Tsakanin Birane Biyu Masu Nisa

Ka fara da nisan. Tsakanin Landan da New York kusan kilomita 5,550 ne. Ka lura da ma'aunin da aka ba ka, don mil ɗaya kilomita 1.6 ne, mil ɗin matuƙa jirgi kuma kilomita 1.852. Ni dai kilomita nake bi, kuma ita nake so kowa ya bi, tun kafin lissafi ya cakuɗe. Kada ka ɗora rula a kan taswira. Duniya ƙwallo ce, shi ya sa jirgin yake lanƙwasawa arewa ta gaɓar Kanada, kuma wannan lanƙwasar ita ce gajeriyar hanya.

Sai ka raba nisan da 850, gudun da manyan jirage suka saba yi a awa. Ya ba ka awa shida da rabi. Ƙara rabin awa na tashi da sauka, ya zama bakwai.

To, ga inda sababbin matafiya suke faɗawa rami. Lokutan da ke kan tikiti, kowanne agogon garinsa ne. Za ka ga tashi daga Landan ƙarfe 10 na safe, sauka a New York ƙarfe 1 na rana, ka ce awa uku ce kacal. Haka na taɓa lissafawa, na bar maganina a jakar da aka kai ƙasan jirgi, na yi awa takwas ina zufa. Landan tana gaban New York da awa biyar, don haka in ka nufi yamma sai ka ƙara biyar a kan ukun nan. A dawowa kuwa ragewa ake yi: tashi ƙarfe 7 na yamma, sauka ƙarfe 7 na safe, sha biyu a ido, bakwai a zahiri. Hanya mafi sauƙi, mai da lokutan biyu zuwa agogon garin da ka taso, sannan ka debe. A kula da watan Maris da ƙarshen Oktoba, don a lokutan nan Amurka da Birtaniya sukan matsar da agogonsu awa ɗaya gaba ko baya, kuma ba rana ɗaya suke yi ba, tazarar takan koma awa huɗu na ɗan lokaci.

Me ya sa zuwa takwas, dawowa bakwai? Iska ce. A can sama akwai wata mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, tana tura mai dawowa, tana tare mai tafiya.

In za a yada zango, ka haɗa awannin jira. Tikitin yakan fi araha, amma jiran ƙasa da awa biyu ban yarda da shi ba. Mai tasowa daga Tokyo zuwa Los Angeles kuma ya duba kwanan wata da kyau, don agogon Tokyo yana gaba sosai, har zai iya tashi Litinin da yamma ya sauka Litinin ɗin da safe.