Yadda Ake Haɗa Tona ta Koren Shayi da Zoɓo Domin Gyaran Fatar Fuska

Tona wani ruwa ne marar kauri da ake shafa wa fuska bayan an wanke ta, kafin a kai ga shafa mai. Fatar mutum tana da ɗan tsami na halitta, wanda a ma'aunin tsami na pH (da lambarsa ke ƙaruwa idan tsami ya ragu) yake tsakanin 4.5 zuwa 5.5, alhali galibin sabulan wanka, har da sabulun salo, suna kaiwa 9 ko 10, shi ya sa fuska take ɗaurewa ta yi furu-furu bayan wanka, musamman a lokacin hunturu. Aikin tona shi ne ta kwashe ragowar sabulu da maiƙo, ta mayar wa fata da danshinta, ta kuma bar mata sinadaran tsirrai masu rage ɓarnar da rana da hayaƙi suke yi wa ƙwayoyin fata.

Koren shayi ne ginshiƙin wannan haɗi, domin ganyensa na ɗauke da sinadaran katekin, waɗanda mafi shahara a cikinsu shi ne EGCG, kuma an san su da kwantar da kumburi da rage yawan maiƙon fuska. Shi kuwa zoɓo, jan launinsa daga sinadarin antosayanin yake, sannan tsaminsa yana taimakawa wajen sassauta matacciyar fata. Na ukunsu shi ne gilisirin, wanda ake samu a kemis, kuma shi ne yake riƙe danshi a jikin fata.

Za a fara da tafasa ruwa mai tsafta kamar mililita 150, a sauke shi ya ɗan huce na minti biyu zuwa uku, saboda ruwan da yake kan tafarfasa yana fito da baurin ganyen fiye da kima. Sai a jiƙa ƙullin koren shayi guda ɗaya tare da zoɓo ƙwara biyu ko uku da aka ɗauraye sosai, a rufe na tsawon minti biyar. A nan ne mutane da yawa suke zarce gona da iri: ba zoɓon sha ake haɗawa ba, saboda haka launin ruwan ya tsaya a ja-ja mai haske, domin idan ya yi kauri zai yi wa fata zafi, ya kuma ɓata wuyan riga. Bayan an tace da ƙyalle mai tsafta ruwan ya huce gaba ɗaya, sai a zuba rabin ƙaramin cokali na gilisirin a motsa, a juye cikin kwalbar da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa ta bushe.

Batun ajiya ya fi komai muhimmanci a ganina. Wannan haɗin ba shi da sinadarin hana lalacewa irin wanda kamfanoni suke sakawa, don haka ƙwayoyin cuta suna iya hayayyafa a cikinsa tun kafin ido ya ga wani canji. A ajiye shi a firji, kada ya wuce kwana uku zuwa biyar, kuma da zarar ya yi duhu-duhu ko warinsa ya sauya, a zubar da shi ba tare da jin asara ba. Inda wutar lantarki ba ta zama, abin da ya fi shi ne a riƙa haɗa ɗan kaɗan da za a ƙarar a yini guda, tunda kuɗin ƙullin shayi bai taka kara ya karya ba.

Kafin a kai shi fuska, a ɗan shafa a bayan kunne ko cikin hannu a jira kwana ɗaya zuwa biyu. Idan babu ƙaiƙayi ko ja, sai a ci gaba. Ana ɗiga shi a auduga ko a tafin hannu a daddanna a fuska da wuya a hankali, ba a dirza ba, a kuma kauce wa ido. Tun fuskar tana da sauran laima za a bi ta da man shafawa marar nauyi. Sau ɗaya da dare ya wadatar a makon farko, daga baya a ƙara da safe idan fata ta karɓa.

Kada a ƙara lemun tsami, duk da yadda ake yayata shi. Tsaminsa ya yi wa fuska yawa, kuma yana da sinadaran da idan suka haɗu da hasken rana suke ƙona fata su bar baƙin tabo mai daɗewa.

Game da ɗamewar fata kuwa, ya kamata a san iyakar abin. Ɗaurewar da ake ji bayan shafa tona ta ɗan lokaci ce. Abin da yake riƙe fata ta tsaya daram shi ne kolajin, wato wani furotin da ke can ƙarƙashinta, kuma rana ce babbar mai karya shi, saboda haka tona ba za ta yi wani tasiri ba sai ana bin ta da man kariya daga rana mai lamba SPF (ma'aunin ƙarfin kariyar) 30 ko sama da haka a kowace safiya. Fata kan ɗauki kimanin wata guda kafin ta sabunta kanta, don haka sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin a yanke hukunci.

Wanda ya fi son ya saya a kanti ya duba jerin sinadaran da ke jikin kwalbar, ya guji wadda alkohol yake cikin na farko-farko idan fatarsa mai bushewa ce, ya tabbatar da lambar rajistar hukumar NAFDAC idan a Najeriya yake, ya kuma nisanci duk wadda ta yi alƙawarin fari cikin 'yan kwanaki, domin irinsu ne ake samu da sinadaran bilicin. Ƙurajen da suke yin ruwa ko suke barin rami a fuska kuwa sun wuce aikin tona, sai an ga likitan fata.