Noman baba da yadda ake fitar da shuni mai kyau

Baba, itacen da marina ke samun shuni daga ganyensa, dangin wake ne da gyaɗa. In ka tuge shi za ka ga 'yan ƙululai a jikin saiwarsa, su ne ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa ba ya neman taki mai yawa.   

Nemi jigawa ko ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, don fadama ruɓar masa da saiwa take yi. Irinsa ƙanana ne masu taurin ɓawo, sai a jiƙa su cikin ruwan ɗumi su kwana. A shuka bayan damina ta zauna, wajen watan Yuni, zurfin bai wuce santimita 1 ba, a bar kamar santimita 50 tsakanin layi da layi. Wanda aka binne da zurfi ba ya fitowa. A makonnin farko ciyawa kan danne shi, kada a yi sakaci da noman fari.

Wajen yanka ne aka fi yin asara. Ganyen ya fi ƙarfin launi daidai lokacin da ya fara fure, wata 3 zuwa 4 da shuka. In aka bari ya yi 'ya'ya, ƙarfin ya ragu, ganyen ƙasa kuma ya kakkaɓe. Yanka da sassafe, ka bar kututture kamar taƙi ɗaya don ya sake tohowa, kuma ka kai shi ruwa nan take. Wanda aka jibge a rana ya yi zafi ya baƙanta, launinsa ya tafi a banza.

Ga jiƙon. Shirya ganye da rassa a tukunya ko durom, ka danne da dutse, ka zuba ruwa ya sha kansu. Da zafi irin namu awa 12 zuwa 18 ta isa, da sanyi kuwa yakan kai kwana guda. Kada ka dogara ga agogo kaɗai, duba ruwan: zai koma kore-kore, kumfa ta taso, samansa ya yi sheƙi kamar jan ƙarfe. Da ka ga haka, tsame ganyen. In ka ƙara masa lokaci don kwaɗayin ƙarin launi, ruɓa zai yi, ya yi ɗoyi, shunin ya fito a dushe. A ganinmu gara a tsame da wuri da a makara.

Tace ruwan, ka zuba ruwan toka kaɗan-kaɗan, sannan ka kama bugu da muciya, ko ka riƙa ɗiba da ƙwarya kana shekawa daga sama. Iska ce ke haifar da shuɗin, domin a cikin ganyen babu shi a fili. Bugun kan ci awa guda ko fiye. Don gwaji, ɗebi kaɗan a farin faranti: in ka ga 'yan tsaki shuɗɗa suna kwanciya, ruwan sama ya yi kamar shayi, to ya yi.

Bar shi ya kwana, ka tsiyaye ruwan a hankali, ka juye laka ta ƙasa a kan ƙyalle mai kauri. A shanya a inuwa har ya bushe ƙayau, don mai danshi fumfuna yake yi. Kada ƙanƙantarsa ta karya maka gwiwa, dami guda ɗan abin da ke fita bai cika tafin hannu ba. Ganyen da aka tsame kuma a mayar gona, taki ne mai kyau.