Babi na 7: Biskit ɗin gyaɗa, ba suga ba fulawa

Assalamu alaikum iyayena da yayyena, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan babin ku kuka roƙa. Tun bayan sallah kuke ce min Malama maigida yana da ciwon suga, likita a asibitin Shika ya hana shi cincin da alkaki da dubulan, in an zauna shan shayi sai dai ya bi yara da ido, wasunku kuma ku ne da kanku kuke fama da ciwon. To ga abin da za a ɗan taɓa da shayi. Kada wadda ta tsorata in ta ga lambobi, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, sannu ba ta hana zuwa.

Darasi na 1: Abin da ba za mu sa ba

Ba zan cika ku da bayani ba. Fulawa garin alkama ce, kuma a cikin giram 100 na fulawa wajen giram 75 sitaci ne, shi kuwa sitaci in ya shiga ciki suga yake komawa a jini ko da baki bai ji zaƙi ba. Gyaɗa giram 100 abin da ke cikinta na sitaci da suga wajen giram 16 ne kawai, sauran mai ne da abin gina jiki. Shi ya sa muka zaɓi gyaɗa, ga ta nan kuma a kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, ba sai an nemo garin almon mai tsada ba.

Akwai wani danƙo a alkama da sha'ir ana ce masa gulutin, shi ne yake sa kwaɓin fanke ya riƙa ja kamar roba. Wasu mutane hanjinsu ba ya ɗaukarsa sam. Biskit ɗinmu babu shi. Amma ku saurara, gero da dawa da masara da shinkafa su ma ba su da gulutin, sai dai duk sitaci ne, don haka kada wadda ta ce bari in ƙara garin masara ya yi auki. Semovita ma alkama ce. Zuma da dabino da mazarƙwaila duk suga ne, na san ana cewa zuma magani ce, amma tana ɗaga suga a jinin mai ciwon, ba za mu sa ba.

In kin sayi abu na leda ko na gwangwani ki duba bayansa ki nemi haruffan nan guda biyar: S U G A R. Wannan suga ke nan. Sai kuma W H E A T, wannan alkama. Ki rubuta su sau uku-uku a littafinki, ki kawo in gani.

Darasi na 2: Kayan haɗi, da maganar cokali

Ki sa yatsa a kan kowane layi ki karanta da ƙarfi, kada ki tsallake.

Garin gyaɗa, gwangwanin madara 2
Ƙwai 1
Man shanu, babban cokali 1
Kwakwa gogaggiya, babban cokali 2
Bekin fauda (farin garin da ke sa kwaɓi ya tashi), ƙaramin cokali ½
Gishiri, abin da yatsu biyu suka ɗauko
Garin citta ko kirfa, kaɗan

Gwangwanin madara ina nufin ƙaramin nan na madarar ruwa da ake auna gishiri da shi a kasuwa, a wanke shi a shanya. Babban cokali shi ne na cin shinkafa. Ƙaramin cokali shi ne na juya shayi. Ƙarami uku ne suke cika babba ɗaya. Ba ludayi ba, ba cokalin miya ba. Ki tashi yanzu ki ɗauko cokulan biyu ki ajiye su a gabanki, babba a dama ƙarami a hagu, zan jira ki.

To yanzu ga wurin da kusan kowa yake tuntuɓe, kuma ba laifinku ba ne don kafin ku zo ajin nan ba a taɓa nuna muku ba. Ku dubi wannan alamar:

½

Sunanta rabi. Akwai 1 a sama, akwai 2 a ƙasa, akwai ɗan layi a tsakani. Ba ɗaya da biyu ba ne. Ba uku ba ne. Ba sha biyu ba ne. Ma'anarta a raba abu gida biyu a ɗauki gida ɗaya, kamar yadda kike fasa goro ki ba baƙuwa ɓari ɗaya ki riƙe ɗaya. Ɓarin nan guda shi ne ½. Ku faɗa tare da ni: rabi. Ku sake: rabi.

A ajin bara akwai wata mama daga Tudun Jukun, mace mai himma wallahi, ba ta taɓa fashin zuwa ba ko ana ruwa. Ta koma gida ta ga 1 da 2 sai ta haɗa su ta ce uku, kuma ta ɗauki babban cokali. Washegari ta zo da biskit ɗin a ƙulle a leda a bakin mayafinta, ta kwance ta miƙo min tana cewa Malama ki ɗanɗana ban san me na yi ba. Duk ya tsattsage ya baje kamar ɓarewar ƙasa a rani, na sa a baki ɗaci da bauri kamar an lasa kanwa. Idonta ya kawo ruwa don gyaɗar da ƙwan da kuɗin cefanenta ta saya. Muka zauna da cokali da gishiri muna aunawa har ta gane, satin da ya biyo nata ya fi na kowa kyau. Don haka in kin kuskure ba komai, sake gwadawa za ki yi.

Ga yadda ake auna rabin ƙaramin cokali. Ki ɗauki ƙaramin cokali, na shayi, wanda ke hagunki. Ki ɗebo bekin fauda. Ki sa bayan wuƙa ki share saman ya zama daidai da bakin cokali, kada ya yi tozo. Sai ki sa bakin wuƙar ki ja layi a tsakiyar cokalin, ki ture gefe ɗaya ya koma gwangwaninsa. Abin da ya rage a cokali shi ne ½. Shi kaɗai za ki zuba. Zai yi miki kama da kaɗan, zuciyarki za ta ce ƙara, kada ki ƙara.

Ki fara gwadawa da gishiri ko garin tuwo don kada ki ɓata bekin fauda. Ɗebo, share, raba biyu, mayar da ɗaya. Ki yi sau biyar. Ɗebo, share, raba biyu, mayar da ɗaya. Sannan ki buɗe littafinki ki rubuta ½ sau goma, a gefen kowanne ki rubuta rabi. Madalla, Allah ya yi albarka, kun ga ba wuya.

Bekin fauda kuma daban yake da yis, daban da kanwa. Yis na burodi ne da fanke. In mai shago ya miƙo miki yis ki ce ba shi ba.

Maganar zaƙi, in ana so akwai sitibiya, daga ganyen wani tsiro na Kudancin Amurka ake yinta, ana samu a manyan shaguna da wasu kantunan magani. Zaƙinta ya ninka na suga nesa ba kusa ba, ɗan kaɗan ake sawa, in ya yi yawa ɗaci yake, ki duba akwai lambar NAFDAC a jiki. In babu, gyaɗa da kwakwa da citta sun isa, ni ma haka nake yin nawa.

Darasi na 3: Garin gyaɗa

Ki baza gyaɗar a faifai ki tsince. Duk wadda ta yi baƙi ko ta yanƙwane ko ta yi fumfuna ki zubar, kada ki ce asara, irin wannan gyaɗar tana da guba mai cutar da hanta kuma suya ba ta kashe gubar. Ki soya sama-sama a yashi kamar za ki yi gyaɗar ci, kada ta yi ja sosai don za ta sake shiga wuta. Ta huce, ki murje, ki fece ɓawon.

A turmi za ki daka, kaɗan-kaɗan, hannu sama-sama. Ki riƙa tsayawa kina dubawa. Da kin ga ta zama gari mai ɗan tsaki-tsaki ki tsaya, in kika ci gaba mai zai fito ta koma irin ta ƙuli-ƙuli. Kada ki kai inji. Injin unguwa yanzu aka gama niƙa masara ko alkama a ciki, ragowar za ta shiga garinki, kuma zai markaɗe ta ne gaba ɗaya. Turmin ma a wanke shi ya bushe tukunna.

Darasi na 4: Kwaɓi

Ki zuba garin gyaɗa gwangwani 2 a roba, ki sa kwakwa, ki sa gishiri da citta. Yanzu bekin fauda. Tsaya. Nawa muka ce? Ƙaramin cokali, ½, rabi. Wane cokali? Na shayi. Ɗebo, share, raba biyu, mayar da ɗaya.

A nan zan yi muku magana, ku yi haƙuri iyayena ne ku amma sai na faɗa. Sati uku muna kan alamar nan a allo, amma ranar Laraba da na zagaya na ga mutum huɗu sun rubuta 12, biyu kuma ba su ma rubuta ba, littafin a gida aka baro. Wata ta ce min ai Malama ni da ido nake awo shekara talatin ina girki. Na yarda kin fi ni iya miya, amma wannan ba miya ba ce da za ki ɗanɗana ki gyara, in ya shiga ya shiga. Kuma ba don biskit kawai nake nacin nan ba, alamar nan ita ce za ki gani a ledar magani in an rubuta a sha rabin ƙwaya, mai ciwon suga da aka ce ya sha ½ aka ba shi biyu fa? Ranar kasuwa ba ku mantawa da canjinku ko na naira hamsin ne, to wannan ma kada a manta. Hira a bayan aji kuma a rage, ina jin ku.

Mu ci gaba. Ki fasa ƙwai a kofi daban ki shinshina tukunna, in lafiya ki zuba. Ki sa man shanu babban cokali 1, a nan ne ake ɗaukar babba, na damanki. Ki cakuɗa da hannu har ya haɗe. Ba a sa ruwa. In ya yi ruwa-ruwa ƙara garin gyaɗa kaɗan, ba fulawa ba. Ki mulmula ƙanana kamar girman goro, ki danna da bayan cokali mai yatsu ya yi faɗi. Za ki samu kamar 12 ko fiye kaɗan, to wannan ita ce sha biyu, 1 da 2 a jere babu layi a tsakani. Ki dube ta ki dubi ½, kin ga ba ɗaya ba ne.

Darasi na 5: Gashi

Mai obin ta sa zafinsa a digiri 170, minti 12 zuwa 15. Wadda ba ta da shi ta zuba yashi mai tsabta a ƙasan babbar tukunya, ta rufe ta ɗora a kan gawayi minti 10 ya yi zafi, sai ta shafa mai a farantin ƙarfe ta jera biskit ta ɗora a kan yashin ta rufe. Wuta kaɗan, gyaɗa ba ta da wuyar ƙonewa. Bayan minti 15 ki leƙa, in gefen ya yi ja ya yi.

Kada ki taɓa shi da zafi, rugujewa zai yi tunda babu danƙon alkama, ƙwai ne kawai ya riƙe shi. Ki bar shi ya huce sarai.

Darasi na 6: Ci da ajiya

Biyu ko uku sun isa da shayi marar suga, mai ne da yawa a cikinsa. Ba magani ba ne, kada a daina shan abin da likita ya rubuta. In sugan mutum ya yi ƙasa, yana rawar jiki da gumi da jiri, wannan biskit ba zai taimaka ba, suga na gaske ko lemon kwalba ake ba shi a lokacin, in bai dawo daidai ba a tafi asibiti. Wanda gyaɗa take sa wa ƙaiƙayi ko kumburi kada ya ci. A ajiye a roba mai murfi, kada ya wuce kwana 4 ko 5.

Darasi na 7: Na riɗi

Duk ɗaya ne. Ki cire kwakwa ki sa soyayyen riɗi babban cokali 2. Bekin fauda yana nan yadda yake, ½.

Aikin gida: kowa ta zo da ƙaramin cokalinta ranar Asabar.