Kurakuran da sababbin masu yawon keke a bakin teku suke ta maimaitawa

A duk garin da ke gaɓar teku, wanda aka shimfiɗa masa hanyar keke a bakin ruwa, da yamma sai ka ga mutane suna tura keke da hannu, leɓe ya bushe, ƙafa tana rawa. Su ne ɗazu da hantsi suka fita cikin nishaɗi, suna cewa ai hanya a miƙe take, ba hawa ba gangara, ko yaro zai iya. Na gaji da ganin wannan, domin kurakuran ba su da yawa, kuma kullum su ɗin ne dai.

Babba a cikinsu ita ce iska. Mutum ya duba taswira ya ga babu tudu, sai ya ɗauka babu wahala. To, a bakin teku babu gini ko itatuwan da za su tare maka iska, tana zuwa ne daga sararin ruwa kai tsaye. Da rana ƙasa tana riga ruwa yin zafi, iskar da ke kanta ta tashi sama, mai sanyi ta kwararo daga teku ta cike gurbin. Shi ya sa safiya takan yi lumui, amma daga azahar zuwa la'asar iskar ta kankama. Kuma gaɓa tana lanƙwasa, wadda ɗazu take bugun ka a gefe, kana shan kwana sai ta dawo fuskarka.

Ga inda ake faɗawa. Idan kana tafiyar kilomita 15 a awa, iska kuma tana bin bayanka da gudu irin wannan, ba za ka ji ta ba sam. Keke yana ta sulalewa, kai kuma kana yaba ƙarfin ƙafarka, kana cewa bari in ƙara gaba kaɗan. Da ka juyo, gudunka da nata sun haɗu sun zama 30, kuma turjiyar iska ba ninki biyu take yi ba idan gudu ya ninka, ninki huɗu take yi. Wato hanyar da ka sha cikin raha, yanzu za ka biya ta da gajiyayyar ƙafa, a lokacin da iskar ta fi ƙarfi, ruwan shanka kuma ya ƙare. Mutanen Holan, waɗanda ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, sun san haka sarai, har gasa suke yi ta tuƙa keke marar giya gaba da iska a kan madatsar ruwa ta Oosterscheldekering, tsawon kilomita 8.5, kuma sai ranar da guguwa ta taso ake yin ta.

Wannan kuskure ya taɓa raba ni da abokin tafiya, shi ya sa nake zafi a kansa. Wani aminina ne da ya daɗe bai hau keke ba, na lallashe shi ya fito, na ce masa hanyar ba ta da wuya. Muka tafi iska tana tura mu, yana ta murna, ni kuma ban tsaya na duba inda tutoci suke kaɗawa ba. A dawowa gwiwarsa ta ƙi, muka ƙarasa a ƙasa cikin duhu. Bai yi mini faɗa ba, amma bai sake amsa gayyatata ba, kuma har yau yana ganin keke abin wahala ne. Mutumin da ya kamata ya samu abin da zai riƙa motsa jiki da shi har tsufa, rana ɗaya ta kore shi.

Tun daga nan ƙa'idata ɗaya ce: kafin in ɗora ƙafa a feda sai na nemi tuta, ko hayaƙi, ko wani ƙyalle da ke kaɗawa, in ga inda iska ta fito, sannan in fuskance ta. A sha wuyar da sauran ƙarfi, a dawo tana tura mutum gida. Idan hanyar ta tilasta mini fita da iska a baya, ina raba lokacina uku, kashi ɗaya na tafiya, biyu na dawowa, kuma ina juyawa ko da raina yana son ƙari. Wasu sun fi son su tafi hanya ɗaya su dawo a jirgin ƙasa ko jirgin fito. Dabara ce mai kyau, in dai ka tabbatar tun kafin ka tashi cewa suna ɗaukar keke, ka kuma san lokacin na ƙarshe. Sannan don Allah idan iska ta tare ka, sauko da giya zuwa mai sauƙi, ka bar ƙafa ta riƙa juyawa da sauri ba nauyi. Masu danna babbar giya suna miƙewa tsaye a kan feda, gwiwarsu suke ci ba su sani ba.

Sirdi: yawancin masu keken haya a ƙasa suke barin sa, wai don ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune. Ɗaga shi har ya zama idan ka ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe. Iskar taya kuwa, adadin da ake so a rubuce yake a jikin tayar, a karanta. Birki ma a gwada shi kafin a bar wurin haya, domin hannun da ke kama na gaba ba ɗaya ba ne a ko'ina: a Ingila na dama ne, a Amurka na hagu, kekuna da yawa a Holan da Denmak kuma da feda ake taka birki, a juya ta baya.

Na biyu da ke ƙona mini rai shi ne gishiri. Wannan ya fi shafar mai keken kansa. Ba sai ka shiga ruwa ba, iskar teku da kanta tana ɗauke da feshin gishiri, yana sauka a sarƙa da wayar birki da kusoshi. Gishiri yana janyo laima, laima ta kawo tsatsa. Mutum ya dawo ya jingine keke a lungu, bayan 'yan kwanaki ya tarar sarƙa ta yi ja tana ƙara, sai ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Kayan ba su yi laifi ba, kai ne ba ka wanke ba. Har sandar sirdi takan manne a cikin jikin keken, musamman inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe, ta ƙi sama ta ƙi ƙasa.

Su kuma masu gangarawa da keke kan jiƙaƙƙen yashi, su bar igiyar ruwa tana dukan taya don a ɗauke su hoto, ban san me zan ce musu ba. Ruwan gishiri da yashi suna shiga cikin cibiyar taya da wurin da feda ke juyawa, inda tsumma ba ya kaiwa, su wanke giris su zauna a madadinsa. Hoton minti ɗaya ne, gyaran kuwa sai an kwance keken gaba ɗaya. Idan kana son taɓa ruwa, kulle keke a sama ka sauka da ƙafarka.

Abin da nake yi ba shi da wuya, kuma a ranar nake yin sa, ba na kai shi gobe. Bokiti ɗaya na ruwan daɗi da soso, a zuba a hankali. Ba na yarda da injin feshin wankin mota, don ƙarfinsa yana tura ruwa ya wuce robobin da ke kare giris. Idan ya bushe sai in ɗiga man sarƙa a kowace gaɓa, in juya feda, sannan in goge na waje da tsumma har sai sarƙar ta kusa bushewa a ido. Na san akwai masu lafta baƙin mai har yana ɗiga, suna ganin gata suka yi wa keke. A bakin teku wannan mai shi ke kama yashi, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa yana cin sarƙa da haƙoran giya a kowane juyi.

Hanyar kanta tana da nata tarkon. Inda iska ta taro yashi a kan kwalta, miƙe kan keke ka wuce, kada ka sha kwana a ciki, kada ka damƙi birkin gaba. Gadar katako idan ta jiƙe santsi gare ta, haka duk wurin da ka ga gansakuka ta yi kore. A tsofaffin tashoshin jiragen ruwa akwai layin dogo a binne cikin hanya, a gicciye ake tsallake shi, idan ka bi shi a tsaye taya ta faɗa ramin ka sha ƙasa. Ruwan sha a ɗauka fiye da yadda ake zato, don iska tana busar da gumi kafin ka gan shi, ƙishirwa ta shammace ka.

Teku kuma ba tafki ba ne. A yawancin gaɓoɓi yana cika sau biyu a yini, kuma lokacin cikar yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana, saboda haka ƙaramar hanyar da ka bi a bushe jiya, yau a daidai wannan lokaci tana iya kasancewa cikin ruwa. Idan aka sa shinge aka ce an rufe saboda igiyar ruwa, a juya. A shekarar 2016 igiya ɗaya ta ɗaga wani sashe na hanyar keke ta Tim Maia a birnin Riyo na Brazil, ya rufta, mutum biyu suka rasu.

Sai maganar jama'a, wadda nake jin kunyar a ce sai an faɗa. Hanyar bakin ruwa ta kowa ce: tsofaffi, masu tura jarirai, yaran da ke yanko hanya ba duba, masu kamun kifi da ke wurga fatsa ta baya kafin su jefa gaba. Wanda ya zo nan yana gudu yana zabga ƙararrawa a bayan dattijo, ya ɓata hanya, filin tsere ya kamata ya nufa. Kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, sau ɗaya, ka rage gudu, ka ba da tazara. Idan za ka tsaya kallon ruwa, fita daga layin tukuna, kada ku jeru ku uku ku toshe hanya kuna hira. A duba alamun hanya ma, don wasu hanyoyin gefe ɗaya ake bi: wadda ta kewaye Stanley Park a Bankuba ta Kanada, mai kusan kilomita 9, masu keke ba sa juyowa a kanta, idan ka shiga sai ka zagaye. Wanda kuma ya yi niyyar tsayawa kallon faɗuwar rana, ya tabbatar kekensa yana da fitila gaba da baya, ya kuma tambayi ƙarfe nawa ake rufe wurin hayar.