Darasi na 9: Abin da Kawa ke Faɗa Game da Teku

Mu karanta tare.

Kawa wata halitta ce ta ruwan gishiri. Tana zaune cikin ɓawo biyu masu tauri. A yankin Neja Delta takan manne wa saiwoyin itatuwan bakin teku, kuma inda ta manne, nan za ta ƙare rayuwarta. Idan ruwa ya janye, mata kan shiga da kwalekwale su ɓamɓaro ta da wuƙa.

Kawa ba ta farauta. Ruwa take zuƙa ta tace abincinta, kamar yadda uwargida ke tace ƙullun koko. Babbar kawa tana iya tace fiye da lita 100 a rana.

To, idan bututu ya fashe, ɗanyen mai ya malala fa? Kifi yana iya gudu, hantarsa kuma tana narkar da wani kaso na dafin. Ita kawa ba ta da wurin zuwa, jikinta kuma ba ya saurin fitar da dafin mai. Sai ya yi ta taruwa a tsokarta.

Shi ya sa masana ke auna ta. Ruwan da aka ɗebo yau, labarin yau kaɗai zai bayar, domin igiyar ruwa na kawo wani ta tafi da wani. Tsokar kawa kuwa tana riƙe da labarin makonni. A Amurka, tun 1986 gwamnati ke tattara kawa da danginta daga gaɓar teku ana gwadawa.

A gida Najeriya, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta binciki ɓarnar da malalar mai ta yi a ƙasar Ogoni a Jihar Ribas. Rahotonta na 2011 ya ce gyaran wurin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Yaron da aka haifa a lokacin sai ya yi aure ba a gama ba.

Kada a ce abin ya yi mana nisa. Busasshen kirifish da muke dakawa a miya daga kudu ake kawo shi. A shinshina kafin a biya kuɗi. In yana warin kananzir, a bar shi, komai arharsa, domin dahuwa ba ta raba shi da dafin. Amma hanci ba ya kama komai. Sai an kai ɗakin gwaji ake tabbatarwa.

Aikin aji

1. Me ya sa dafin mai ya fi taruwa a jikin kawa fiye da kifi?
2. Idan kawa ɗaya na tace lita 100 a rana, lita nawa za ta tace a mako?
3. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: ɓawo, zuƙa, ɗanyen mai.